Sabuwar tab da ake yaɗa hotonta: a jira ta ne ko a sayi wadda ke kasuwa?

Malam_Auwalu_Taura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai hoton wata sabuwar kwamfutar hannu, wato tab, da yake yawo a WhatsApp kwanakin nan, na san ya iso wa da yawanku. Ga abin da aka rubuta a jikinsa: sikirin inci 12, ram giga 16, ma'ajiya tera 1, batir 20,000mAh, sim biyu, 5G, kuma wai bayanta fanel ɗin sola ne, a ajiye ta a rana ta cika da kanta. An ce bayan Sallah za ta shigo, kuma kuɗinta ba zai kai na matsakaiciyar waya ba. Har an fara samun masu karɓar kafin alƙalami a kasuwannin ƙauye, wai wanda bai ba da suna yanzu ba ba zai samu ba. Kwamitin makarantarmu yana son sayen guda 20 don 'yan ajin ƙarshe masu shirin JAMB. Masana, mu jira wannan ko mu sayi abin da yake ƙasa yanzu?

Injiniya_Gumel:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar jira ko saye, a fara da hoton kansa. Babu sunan kamfani a jiki, babu lambar samfuri. Duk na'urar da ta kusa fitowa da gaske tana barin sawu tun kafin ranarta, domin dole ta bi ta hannun hukumomi: FCC a Amurka, BIS a Indiya, TENAA a Sin, a nan gida kuma NCC ce ke ba da shaidar amincewa ga duk abin da ke ɗaukar sim. A irin waɗannan rajistoci ake fara ganin lambar samfuri, girman batir, ƙarfin caja da zangon sabis ɗin da take kamawa. Sai kuma Geekbench, shafin gwajin ƙarfin na'urori, inda firoseso da ram suke bayyana. Jita-jita mai tushe da lamba take zuwa, kamar yadda tab ɗin Samsung na yanzu suke farawa da SM-X. Wadda ta zo da hoto mai sheƙi da lambar asusun da za a tura kuɗi, ba ta da inda za a kama ta. Ku tambayi mai karɓar kuɗin abu biyu kawai: wane kamfani, wace lamba.

MaiSola_Kazaure:
Ni maganar solar nan ce ta tsaya min. Mu yi lissafi a fili. Bayan tab mai inci 12 bai wuce santimita 28 a 18 ba, wato kusan kashi 5 cikin 100 na murabba'in mita. Rana tsaka tana sauke wajen wat 1,000 a kan murabba'in mita, fanel mai kyau yana kama kusan kashi 20 cikin 100. Ka ga wat 10 ke nan idan komai ya yi daidai, da ya ɗau zafi kuma sai ya koma 7 ko 8. Shi kuwa batir 20,000mAh a bolt 3.8, wat-awa 76 ne. Raba 76 da 8, kana neman kusan awa 10 na rana mai ƙarfi. A yini guda ranar da ake lissafi da ita awa 5 zuwa 6 ce. Kwana biyu ke nan tana kife a rana, sikirin yana kallon ƙasa, ba mai karatu da ita.
Wannan ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce zafi. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 zuwa 35. Mu nan a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40. Batirin litiyom da ake gasawa a rana kullum kumbura yake yi ya ɗaga sikirin. Fanel wurinsa rufin ɗaki, batir wurinsa inuwa, waya ce ke haɗa su.

Shamsu_Gwarzo:
MaiSola ya gama magana a kan wannan. Allah ya ƙara basira.

Habu_Babura:
Amma fa batir 20,000 ɗin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Akwai tab masu irin wannan batir, Oukitel da Ulefone suna yin su, masu kaurin jiki da roba a gefe, na masu aikin daji da gine-gine. Kada a ce babu.

MaiSola_Kazaure:
Akwai kam, Habu. Amma ɗaga ɗaya ka ji, sun kai kilo guda ko kusa. Batir mai wat-awa 76 shi kaɗai wajen giram 300 ne, alhali tab mai inci 11 gaba ɗayanta ba ta cika kai rabin kilo ba. Ta cikin hoton siririya ce ƙwarai. Galaxy Tab S9 Ultra mai inci 14.6, da duk faɗinta da tsadarta, 11,200mAh ke cikinta. To ina aka cusa 20,000 a wannan? Sannan ko da gaske ne, da cajar wat 10 sai ta kwashe awa 9 zuwa 10 kafin ta cika. Wane mai caji ne zai bar injinsa yana aiki har haka saboda na'ura ɗaya?

DanKasuwa_Bichi:
Bari in faɗi yadda ake haɗa irin waɗannan lambobin, don suna shigowa kasuwa a kwalaye masu kyau. Ram ɗin da aka rubuta 16, wani lokaci 4 ne na gaske, sauran aro ne daga ma'ajiya. Manyan kamfanoni ma suna yin haka, amma su suna rubutawa a fili, 4+4 ko 8+8, lambar farko ita ce ta gaske. Na aron ba ya sauri, yana dai hana manhaja rufewa da wuri. Marasa suna kuwa gyara manhajar ciki suke yi ta nuna abin da suke so: ka shiga saiti ka ga tera 1, alhali giga 16 ko 32 ne a ciki. A saka manhajar AIDA64 ko CPU-Z, masu nuna abin da ke cikin na'ura, a duba kafin a biya.

Injiniya_Gumel:
Alhaji, waɗannan manhajojin suna taimakawa, amma akwai jabun da aka shirya su har su ma su ruɗe su. Gwaji biyu ne ba sa ƙarya. Na farko, a duba lambar API a cikin AIDA64 ɗin, wato lambar da ke nuna ainihin Android ɗin da ke ciki. Android 13 lambarsa 33, Android 14 lambarsa 34. Idan saiti ya ce 13 amma API ya nuna 27, to Android 8.1 ne aka sauya wa riga. Na biyu, a cika ta da kaya. A tura mata bidiyo daga kwamfuta har ya wuce giga 40, sannan a buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na farko da na ƙarshe. Idan ma'ajiyar ƙarya ce, ko turawar ta tsaya a hanya, ko fayilolin su ƙi buɗewa. Yana cin lokaci, amma wanda zai sayi guda 20 ai ya yi wa ɗaya wannan gwajin tukuna.
Ƙari a kai: a shiga Play Store, saiti, sashen bayani, a ga ko an rubuta cewa na'urar tana da shaidar Play Protect. In babu, wasu manhajojin banki ba za su yarda su yi aiki a kanta ba.

Sadiq_Dutse:
Duk wannan wahalar ta Android ce. Ni shawarata a jira sabuwar iPad, ko a sayi wadda ta gabace ta idan sabuwar ta fito. Jita-jitar Apple tana da masu ita, irin su Mark Gurman na Bloomberg da Ming-Chi Kuo, kuma sau da yawa abin da suka faɗa yana tabbata. iPad tana shekaru tana samun sabuntawa, batirinta yana riƙe caji idan an ajiye, kuma ko bayan shekara huɗu tana da daraja a kasuwa.

Kawu_Isa_Wudil:
Ɗana Sadiq, ko ta Apple ɗin ma jita-jita ba alƙawari ba ce. Kafin Steve Jobs ya nuna iPad ta farko ranar 27 ga Janairun 2010, ana ta cewa sunanta iSlate, kuɗinta kuma zai kai dala 1,000. Da ta fito sunanta iPad, ta fara daga dala 499. A can an yi sa'a kuskuren ya faɗo ta gefen sauƙi. Akwai inda ya faɗo ta ɗaya gefen. A 2011 Indiya ta fito da Aakash, aka yi ta shelar tab ɗin ɗalibai ta dala 35, duniya ta ɗauka. Da ta shiga hannu sai koke ya yi yawa: nauyin aiki, sikirin da sai an danna da ƙarfi, batir da ba ya jimawa. Ita ma arha aka fara tallatawa kafin a ga aikinta. Nan gida kuma jihar Osun ta raba Opon Imo ga 'yan sakandare a 2013. Duk wanda zai saka tab a makaranta ya kamata ya nemi labarin yadda aka yi da gyara da caji a wannan shirin, don a nan ne irin wannan aiki yake tsayawa ko ya faɗi.

Shamsu_Gwarzo:
Sadiq, akwai abin da ba ka faɗa ba wanda ya shafe mu kai tsaye. iPad ko mai sim ce ba ta kiran waya irin na layi, kuma ba a danna lambobin USSD a kanta. Ba *310# na duba kuɗi, ba *312# na sayen data, ba *323# na duba sauran data. Sai dai ta manhajar kamfanin layin ko daga wata wayar. Sannan daga iPad Pro da iPad Air na Mayun 2024 Apple ya cire ramin sim gaba ɗaya, eSIM kaɗai, wato sim na cikin na'ura da ba a cire shi da hannu. Mutumin ƙauye da ya saba cire sim daga waya ya saka a tab idan data ta ƙare a wani layin, wannan hanyar ta toshe masa.

Nura_Kiyawa:
Kuma eSIM ai babu shi a Najeriya, WhatsApp ma ba ya hawa iPad.

Shamsu_Gwarzo:
A'a Nura, duka biyun akwai. MTN da Airtel suna ba da eSIM, sai dai yawanci sai ka je ofishinsu da lambar NIN, ba a wajen mai lema a kasuwa ba. WhatsApp na iPad kuma ya fito a Mayun 2025, ana haɗa shi da na waya. Matsalar dai ita ce tafiyar zuwa birni duk lokacin da za a sauya layi ko na'ura.
Tunda an zo maganar sabis, ku bar 5G ɗin da ke cikin hoton. MTN ya fara 5G a 2022, Kano tana cikin biranen farko, Airtel ya biyo a 2023. Amma a kan 3500MHz yake, zangon da ba ya nisa kuma bango yana tare shi. A ƙauye ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa a jikin kwali shi ne zangon 4G: B3 wato 1800, B7 wato 2600, B20 wato 800, da B28 wato 700. Ƙananan lambobin nan, 700 da 800, su ne ke tafiya nesa da eriya su shiga ɗakin ƙasa. MTN yana da B20, Glo yana da B28, B3 kuwa kusan kowa yana kai. Tab ɗin da aka yi don kasuwar cikin Sin sau da yawa ba ta da B20, wani lokaci ba ta da manhajojin Google ma. Wadda aka kwaso daga kamfanin layi na Amurka kuma tana iya zuwa a kulle. Sai ka ga waya tana nuna 4G, tab a gefenta tana kan E, wato 2G mai jan ƙafa, a ce sabis ne ba kyau, alhali na'urar ce ba ta jin zangon.

Malama_Ummi_Ringim:
Malam Auwalu, ni ta gefen JAMB zan yi magana. Jarrabawar a kan kwamfuta ake yinta mai allon rubutu da linzami, tambaya 180 cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Yaro yana danna A, B, C ko D don amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Wanda ya saba da shafa sikirin da yatsa kaɗai, ranar jarrabawa hannunsa rawa yake yi a kan linzami, mintuna suna tafiya. Don haka duk tab ɗin da za ku saya, ku tabbatar tana karɓar OTG, wato ana iya jona mata kayan USB ta ramin caji. Ku sayi 'yar mahaɗar OTG da allon rubutu mai waya da linzami, ko da guda biyar ne a riƙa karɓa-karɓa. Mai waya ya fi na Bluetooth a makaranta, ba ruwanka da cajinsa ko ɓatan haɗi.
Kuma sim a kowace tab ɓarnar kuɗi ce. Manhajojin gwajin JAMB da yawa suna aiki ba intanet bayan an sauke su. Kiwix yana ajiye Wikipedia a cikin na'ura, har da ta Hausa. Ku sayi masu Wi-Fi kaɗai, MiFi ɗaya, wato 'yar na'ura mai sim da ke raba intanet, ya ishe ku ranar sabuntawa. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, layi 20 ba ƙaramin nauyi ba ne a kan kwamiti.

Hajiya_Binta_Hadejia:
Malama, a makaranta haka ne. Amma kada wani ya karanta wannan ya sayi mai Wi-Fi kaɗai don aikin tattara bayanai. Masu aikin rigakafi, ƙidayar gonaki ko rajistar manoma da ODK Collect ko KoboCollect suna buƙatar GPS, kuma manhajojin nan biyu na Android ne. iPad mai Wi-Fi kaɗai ba ta da GPS sam, sai mai layi. Ƙananan Android masu arha ma wasu ba su da shi, suna dogara da Wi-Fi na kusa su ƙiyasta wuri, a gona kuwa babu wannan. Yadda ake gwadawa: a kashe data da Wi-Fi, a fita fili, a buɗe manhajar GPS Test. Ya kamata ta ga taurarin ɗan'adam, kuskuren gano wuri ya sauko ƙasa da mita 10 cikin 'yan mintuna. In ta tsaya tana juyi, fom ɗinka ba zai rufu ba.
Abu na biyu hasken sikirin. Masu arha suna tsakanin nit (ma'aunin haske) 300 zuwa 400, da rana a fili sai ka kare da mayafi kafin ka ga rubutu. A nemi 500 in da hali. Kuma cikakken haske shi ne abin da ya fi shan batir, don haka awannin da aka rubuta a kwali a rage musu sosai idan aikin waje ne.

Gwani_Sule_Dambatta:
Jama'a ku ba ni dama ta ɓangaren kuɗin da ake karɓa. Biyan kuɗi kafin kaya ya halatta a shari'a, shi ne salam, amma da sharuɗɗa: a san siffar kaya sarai, a san adadi, a san ajali. To a nan ba a san wanda ya ƙera ba, ba a san ainihin abin da ke ciki ba, ranar zuwa kuma "bayan Sallah" ce kawai, ba a ce wace rana ba. Wannan sayen kifi a ruwa ne. Balle kuɗin kwamiti, wanda amanar iyayen yara ce. Ko da na'urar ta zo daga baya ta yi kyau, hanyar da aka bi ba ta yi ba.
Sai tambayata ga masu sani: don karatun Alƙur'ani bugun Warshu da littattafan PDF masu ƙananan wasulla, me ya kamata a duba?

Injiniya_Gumel:
Allah ya gafarta Malam, yawan ɗigon sikirin za a duba, ba faɗinsa kaɗai ba. Inci 10.1 mai 1280 a 800 yana ba da ɗigo kusan 150 a kowane inci. Rubutun boko zai karantu, amma wasali da ɗigon Warshu a tsohon bugu da aka ɗauka a hoto sai an riƙa zuƙowa. Inci 11 mai 1920 a 1200 yana ba da kusan 206, shafi guda yana fitowa a karanta ba zuƙowa. Galaxy Tab A9+, Redmi Pad SE mai inci 11 da Infinix Xpad duk a wannan aji suke. A nemi mai ramin katin memori, don littattafan da aka ɗauka a hoto suna da nauyi. iPad ba ta da wannan ramin, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Sadiq_Dutse:
Na ji duk abin da aka faɗa, amma har yanzu ina kan bakana a kan inganci. A kawo tab ɗin Android mai arha da ta shekara biyar tana samun sabuntawa. Yawancinsu da Android ɗin da suka zo da shi suke mutuwa. Idan makaranta za ta yi shekara biyar da kaya, a lissafa da wannan.

DanKasuwa_Bichi:
Wannan gaskiya ne Sadiq, amma kuɗin sabuwar iPad ɗaya zai sayi na Android biyu ko uku. In kuma ta hannu ce, to a kula da kullen iCloud. Mai sayarwa ya fita daga asusunsa a gabanka, a goge ta gaba ɗaya, a kunna ta da intanet har ta kai shafin farko ba ta nemi asusun wani ba. A duba kuma ko akwai kullen hukuma ko makaranta na MDM, don da yawa daga makarantun waje ake kwaso su, sai an goge sannan kullen yake bayyana. Android ma tana da nata, FRP, mai neman tsohon asusun Google.
Game da jira don farashi ya sauka: a Turai idan sabuwa ta fito tsohuwa tana sauka. A nan dala ce ke yanke hukunci. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya jira a wancan lokacin, tsohon samfurin ma ya fi ƙarfinsa. Sannan kayan farko da suke sauka a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano sun fi tsada, sai an yi makonni kaya sun yawaita farashi yake daidaita. Idan kuɗin yana hannu kuma jarrabawa tana matsowa, ni ban ga dalilin jira ba.

Habu_Babura:
Ni kuma ina ganin a ɗan jira, ba don ta cikin hoton ba. Tecno, itel da Infinix duk suna cikin harkar tab, kusan kowace shekara da sabon samfuri, kuma gasar tana sa ana samun ram da sikirin mafi kyau a kuɗi ɗaya. Yawancin iyaye ma sai kaka, an sayar da riɗi da zoɓo, suke iya cika alƙawarin kuɗin kwamiti. A sayi biyu ko uku yanzu a gwada su wata guda a hannun yara, sauran a saya da kaka.

Usaini_MaiGyara_Gaya:
Shawarar Habu tana da kyau ta wani gefen, amma a kula: gara duka 20 su zama samfuri ɗaya. Idan ɗaya ta mutu, sikirinta da batirinta da ƙaramin bod ɗinta za su ceci wasu. In an saya kashi biyu wata shida tsakani, ana iya tarar da na farkon ya ƙare a kasuwa.
Abin da ke kawo tab teburin gyara a yankinmu huɗu ne. Ramin caji shi ne kan gaba: ƙurar hunturu tana taruwa a ciki ta dunƙule, caja ta daina zama, yara su riƙa murɗa ta har ƙafafun ramin su karye. A share da tsinken sakace a hankali bayan an kashe ta, ban da allura. A sayi mai USB-C, kuma a tambaya ko ramin yana kan ƙaramin bod na daban ne. In haka ne sauyawa minti kaɗan ne, in kuwa a kan babban bod yake sai an sa iska mai zafi, kuma ba kowane mai gyara ne yake fitar da shi lafiya ba. Sai fashewar gilashi. Wadda gilashin taɓawarta yake daban da sikirin ciki ta fi sauƙin gyara, gilashin kaɗai za a sauya. Wadda aka manne su tare sai a sauya duka. Na uku kumburin batir, daga zafi da barin ta a caji dare da rana. Da an ga sikirin ya fara ɗagowa ta gefe a daina caji, kada a danna, kada a huda. Na huɗu IC na caji, wato ɗan ɓangaren bod mai kula da caji, da wutar ƙaramin janareta take ƙonawa, musamman lokacin tayarwa da lokacin da mai yake ƙarewa.
A nan ne mara suna take kashe mutum. Tecno, itel da Infinix suna da cibiyar gyara ta Carlcare, Samsung ma ana samun kayansa. Ita kuwa mara suna sai an buɗe an karanta lambar da ke jikin igiyar gilashin, a aika Kano, in babu a aika Legas, wani lokaci a dawo hannu rabbana. Gilashin da bai kai komai ba sai ya ajiye na'ura gaba ɗaya.

Malam_Auwalu_Taura:
Allah ya saka da alheri, an buɗe mana ido. MaiSola, tunda wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a wajenmu, me za mu tanada don cajin guda 20?

MaiSola_Kazaure:
Mu ɗauka kowace tana da 7,000mAh, wato kusan wat-awa 27. Sau 20 ya zama 540. Ƙara asarar caja da waya, ka ce 700 a yini idan kullum sai sun ƙare tas, wanda ba lallai ba ne. Fanel mai wat 200, a awa 5 na rana, bayan an cire asarar zafi da ƙura, yana ba da wajen 700 ɗin nan. Don haka 200 shi ne ƙarshen ƙasa, 300 ya fi kwanciyar hankali saboda damina da hazo. Batir mai bolt 12, 100Ah, yana ɗauke da 1,200, amma in na ruwa ne ko jel rabi kaɗai ake sha in ana son ya daɗe, wato 600. Sai kwantirola mai amfiya 30.
Kada ku sa inbata don wannan aikin. Ɗaga wuta zuwa 220 sannan caja ta sake sauke ta zuwa 5 asara ce sau biyu. Ku sayi cajojin USB masu shan bolt 12 kai tsaye, irin na mota, kowane rami ya ba da aƙalla amfiya 2, a sa fiyus a layin. A amfiya 2, wato wat 10, tab ɗaya tana cika cikin awa 3 da rabi zuwa 4. A raba su kashi biyu, goma da hantsi, goma bayan azahar, lokacin fanel yana bayarwa kai tsaye. A yi akwatin katako mai ramukan iska, a jera su a tsaye da tazara, kada a ɗora wata kan wata suna caji. Fanel kuma a goge shi da safe duk kwana biyu ko uku a lokacin hunturu.
Fawabank ba zai maye wannan ba. Mai 20,000mAh na gaske wat-awa 74 ne, abin da ke isa na'ura wajen 50, bai cika tab biyu ba.

Malama_Ummi_Ringim:
A ƙara da riga mai kauri da gilashin kariya ga kowace tun ranar farko, a rubuta lamba a bayanta, a buɗe littafin karɓa da mayarwa. A kunna maƙale manhaja a saiti, yadda yaro ba zai fita daga manhajar gwaji ba sai da lambar sirri. Asusun Google kuma na makaranta ne za a saka, shugaban makaranta da mutum ɗaya a kwamiti su riƙe kalmar sirrin a rubuce. In malami ya saka nasa aka yi masa canjin wurin aiki, ranar da aka goge na'urar kullen FRP da Alhaji DanKasuwa ya ambata zai hau kanta.

Nura_Kiyawa:
Wani ya turo sabon hoto a wani zauren, yanzu an sa mata suna, kuma an ce inci 11 ce ba 12 ba. Sola ɗin ma an cire. Ko dai akwai ta da gaske ne aka yi mata ƙari a hanya?

Injiniya_Gumel:
Yana yiwuwa, Nura. Sau da yawa haka ake yi, a ɗauki hoton na'ura ta gaske a ƙara mata lambobi. Turo hoton nan mu gani. In akwai lambar samfuri za a iya nemanta a shafin kamfanin da rajistar NCC. Malam Auwalu, ku kuma in mai karɓar kuɗin ya ce yana da samfuri a hannu, ya kawo ta gaban kwamiti da kwalinta. A kwatanta IMEI, wato lambar shaidar na'ura, na kwali da na cikin saiti, a saka sim ɗin da ya fi kamawa a garinku a ga ko 4G zai hau a cikin aji, ba a bakin titi ba.

Shamsu_Gwarzo:
A gwada da layi biyu, ba ɗaya ba. Malam Auwalu, a wajenku wanne ya fi kamawa a cikin ginin makarantar, MTN ko Airtel? Kuma MiFi ɗin da Malama ta ce a saya, shi ma a duba masa B20 da B28 ɗin, don wasu a kulle suke da layi ɗaya.